Nuna Mini Harshenki

Litinin, 5 ga Mayu

Sakamako ya fito. Ciwon daji ne, a cikin Yaya. Na rubuta kalmar, ga ta nan tana kallona, ni ma ina kallonta.

Mu uku muka shiga wajen likita, ni da ita da mijinta, Direba. Tun ina ƙarama nake kiransa haka don tsokana, har sunan ya bi shi. Likita yana ta bayani, Direba yana kallon takalminsa, ni kuma kunnena ya toshe. Da aka gama, abin da Yaya ta tambaya kawai shi ne ko za ta iya ƙarasa ɗinkin mutane da ke hannunta. Ɗinkin mutane! Na so in girgiza ta.

A mota ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ki daina murza gefen rigar nan, ni na ɗinka ta."

Ba ni da uwa sai ita. Ina 'yar mitsitsiya Inna ta rasu, a ƙarƙashin keken ɗinkin Yaya na girma, ina tsintar ƙyallaye. Da keken nan ta yi mini makaranta. Ban san yadda ake zama a duniyar da babu ita ba, ba na kuma son in koya.

Laraba, 7 ga Mayu

Na je aiki, tunda zaman ɗaki ba zai ba ni komai ba sai kuka.

Shagonmu siriri ne, a jikin gidan motsa jiki. Firji biyu, injin markaɗe uku, sai baƙin allo a bakin ƙofa. Ni nake rubuta allon saboda rubutuna ya fi na kowa kyau, Mai Shago tana karanto mini daga wayarta. Bara wani koren ganye ne maganin komai, kafin shi kuma wasu ƙananan tsaba masu maƙalewa a haƙori. Bana ruwan beri ake yayi, 'ya'yan itacen nan ƙanana masu duhun shunayya da suke zuwa mana a daskare cikin leda. A allon na rubuta yana ɗauke da antiyoksidan, yana wanke jini, yana gyara fata, yana yaƙar miyagun ƙwayoyin jiki. Ranar da na rubuta sai da na tambayi Mai Shago mene ne antiyoksidan, ta ce abu ne mai hana jiki tsatsa, in rubuta kawai.

Dā dariya nake yi wa masu saye a zuciyata. Su shigo da gumi, su ɗauki kofin hoto ta gaba ta gefe, sannan su kurɓa suna yamutsa fuska. Yau na tsaya gaban allon ina karantawa kamar ba ni na rubuta ba. Yana yaƙar miyagun ƙwayoyin jiki. Na karanta, na sake karantawa, har wani ya ce, "Malama, ko za a ba mu hanya?"

Wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na san haka. Duk da haka na kama.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kai mata kwalba ta farko, zalla, ban sirka ba. Na same ta a kan keke, tsinken allura a bakinta kamar kullum.

Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga. "Wannan ai tawada ce, Auta. Wasiƙa za mu rubuta?" Na ce ta sha kawai. Ta kurɓa, ta runtse ido ɗaya, ta ce tsaminsa ya kai mata har ƙeya. Amma ta shanye. Da ta buɗe baki za ta yi magana sai na ga harshenta ya rine, na fashe da dariya, ta ɗauko ƙaramin madubin awo ta duba, ita ma ta kama. Direba ya leƙo ya ce wa ya ba matarsa shuni ta lasa.

Rabon da in yi dariya tun Litinin. Na dawo ɗakina da sauƙin zuciya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na kwashe sikarin gidansu. Da ganyen shayin, da madarar gwangwani, duk na zuba a jaka na taho da su. A waya na gani, wata mata mai farin haƙora tana cewa sikari shi ne abincin ciwon, duk cokali ɗaya ƙarfi kake ba shi.

Kowa ya san Yaya da shayi. Ba ta taɓa taka keke ba ta sha ba, kuma nata ba shayi ba ne, sikari ne da aka ɗan jiƙa. Takan ce sai cokali ya tsaya da kansa. Ta bi jakar da ido har na kai ƙofa. Direba ne ya biyo ni tsakar gida.

"Auta, ki bar mata shayin nan. Shi kaɗai ke mata daɗi yanzu."

Na ce daɗi muke nema ko rai? Ya juya ya koma ciki. Na ji daɗin na rufe masa baki, Allah Ya yafe mini.

Talata, 27 ga Mayu

Na tashi aiki, na kai kwalba, na ce nuna mini harshenki. Shunayya. Alhamdulillah.

Litinin, 9 ga Yuni

Ranar asibiti. Ta ƙara ramewa, ma'auni ba ya ƙarya. Na tare likita a bakin ƙofa da kwalbar a hannuna, na zayyana masa duk abin da ke kan allonmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ban ƙi in faɗi wannan ba. Sannan ya ce 'ya'yan itace abinci ne mai kyau, amma ba za su warkar da abin da ke cikinta ba. Na ce sikari fa? Ya ce, "Duk abin da take marmari, in yana wucewa, ku ba ta."

Na tsane shi. Na tsani farar rigarsa da sanyin muryarsa. Shi ya riga ya sallama ta, shi ya sa. Ni ban sallama ba.

Na ce wa Yaya daga yau kwalba biyu, ɗaya in kawo da yamma ta sha a gabana, ɗaya in bari a firji ta safe. Ta ce ta yamman ma a bar mata ta riƙa sha a hankali, cikinta ba ya son gaggawa. Na yarda, amma da sharaɗin harshe.

Asabar, 21 ga Yuni

Yau ta so ta ɓata mini rai.

Ina zaune a kan tabarmar ɗakin ɗinki ina naɗe mata zare, sai ta dafa kan keken ta ce, "Zo ki ga inda ake ɗiga masa mai. Akwai wani rami a baya, in ba a sani ba..." Na ce me zan yi da sanin ramin keke, ni da ke sayar da jus? Ta ce ai keken nawa ne wata rana, kuma yana da hali, in zare ya cukurkuɗe ta ƙasa ba ja ake yi ba.

Na ce, "Yaya, ba na son wannan magana."

Ta ce, "To yaushe za ki so ta?"

Na tashi na shiga kicin na hau wanke kwanukan da suke a wanke. Da na dawo ta ce in tsaya, ta zaro tef ta auna ni daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga ka zuwa ƙugu. Na ce na mene ne? Ta ce tana duba ko na rame ne, tunda na zama likita ba albashi.

Hannunta a kafaɗata babu nauyi ko kaɗan.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na lura farcenta ya fara rinewa, har ƙarƙashinsa, da layukan tafin hannunta. Na nuna wa Direba, na ce ka gani, yana ratsa jiki. Ya kalli Yaya, Yaya ta kalli taga. Ya ce, "Haka ne."

A shago na ba wata mata labari, mai zuwa kullum da tabarmar motsa jiki a hammata. Na ce yayata tana sha, har a farcenta ana gani. Ta sayi kwalba huɗu. Mai Shago ta ji, ta ce in Yaya ta warke za mu ɗauke ta hoto mu sa a shafinmu, kafin da bayan. Na ce in sha Allahu. Har na fara tunanin rigar da za ta sa.

Gishirin gidansu yana saurin ƙarewa. Na manta ban tambaya ba.

Talata, 15 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Wuta ta lalace a shago tun hantsi, Mai Shago ta ce mu tafi kafin kayan firji su narke mana a ka. Na ɗauki kwalaben Yaya na nufi gidan, lokacin da ba ta saba ganina ba. Ƙofa a buɗe. Ɗakin ɗinki ba kowa. Na jiyo motsin ruwa ta baya, wajen wanki.

Tana zaune a kan 'yar kujera, robar wanki a gabanta, kwalbar safe a hannunta. Na tsaya a bayan labule ina kallo. Ta kurɓi kaɗan, ta jujjuya shi a baki kamar mai kurkure, ta tofar a kwata. Sauran ta juye a roba, ta barbaɗa gishiri, ta ɗauko fararen ƙyallaye ta tsoma tana dannawa da yatsu. A kan igiya ga wasu nan an shanya, wasu duhu, wasu haske.

Kwalaben da ke hannuna suka faɗi.

Ba ta ko firgita ba. Ta ɗago ta ce, "Kin dawo da wuri."

Na ce tun yaushe? Ta ce tun wajen ƙarshen Mayu. "Ba ya wucewa, Auta. Nan yake tsayawa," ta dafa ƙirjinta, "kamar na haɗiyi garwashi. In na matsa, sai na yini ina amai."

Na ce me ya sa ba ki faɗa mini ba?

"Na faɗa. Ke kalar harshen kike dubawa."

Na ce to ki zubar mana, me ye na wasa da shi kamar yarinya? Ta ce ita ba ta iya zubar da gumina a kwata ba. Ita da ba ta yar da ƙyalle ko ya kai faɗin yatsa.

Da ma a nan na tsaya. Da na durƙusa na riƙe ta. Amma ni ce, bakina ya fi hankalina sauri tun ina yarinya. Na ce wata biyu kuna mayar da ni mahaukaciya ke da mijinki. Na ce ina nan ina neman ranki, ke kina rini. Na ce in mutuwar kike so, ni na cire hannuna.

Ta dube ni kawai, hannayenta a cikin roba.

Na fito. Ban rufe ƙofar ba ma.

Laraba, 16 ga Yuli

Ban je ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Direba ya kira, ya sake kira. Na kife wayar. Ita ta yi mini ƙarya, ita ya kamata ta kira. Ina faɗa wa kaina haka ina markaɗa beri, ina faɗa ina wanke inji, ina faɗa ina kwance. Da na daina faɗa sai in ga hannayen nan a cikin roba.

Jakar sikarinsu tana nan a bayan ƙofata. Tururuwa sun gano ta.

Alhamis, 24 ga Yuli

Direba ya zo shago. Ya tsaya a tsakanin 'yan motsa jiki da hularsa a hannu, kamar wanda ya shigo gidan da ba nasa ba. Ya jira har layi ya ƙare.

"Ba ita ta aiko ni ba. Ta hana ni ma."

Na ce to. Ina goge kanta da ba ta da datti.

Ya ce tana kan keke kullum, ta taka kaɗan ta kifa kai ta huta, ta sake takawa. Ya yi ya yi ta bari ta ƙi. Ya ce jiya ta tambaye shi ko ina cin abinci, wai ni in na yi fushi cikina nake hukuntawa. Sannan ya ce, "Auta, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma lokacin nan ba namu ba ne."

Na ce zan zo. Ya ce yau? Na ce Lahadi, ranar hutuna.

Me ya sa na ce Lahadi? Kunya ce. Ban san da wace fuska zan shiga ba, kuma ban san me zan riƙe a hannu ba in ba kwalba ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Lahadin ba ta same ta a gida ba. Ranar Asabar da yamma ta faɗi a gefen keke, aka kwantar da ita a asibiti. Direba bai faɗa mini ba sai da safen Lahadi, wai ta ce a bar ni in yi barci.

Na dafa shayi kafin in fita. Na kakkaɓe tururuwan, na zuba madara, na yi ta zuba sikari ina kuka har ban san iyakar abin da na zuba ba. Na sa a filas, na ɗauki kofinta na tangaran da ya zo cikin jakar ba da sanina ba.

Gadonta na kusa da taga. Ta ƙanƙance, robar ƙarin ruwa a hannunta. Na tsaya daga ƙafar gado na kasa matsawa. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu.

Ta ce, "Uwar 'yan fushi. Me kika riƙo?"

Na buɗe filas ɗin. Ƙamshin ya tashi, ta lumshe ido ta ja shi a hankali. Na ɗebo a cokali na hura na kai bakinta. Ta karɓa, ta riƙe shi a baki, na ga maƙogwaronta yana ƙoƙari, yana ƙoƙari. Sai ta girgiza kai. Na tara mata tawul ta mayar.

Nas ta ce tun jiya ko ruwa ba ya wucewa, sai dai a jiƙa mata leɓe.

A watan Mayu shayin yana wucewa. A watan Yuni ma da na bar mata shi, da ya wuce, ko kaɗan-kaɗan. Ni na ɗauke shi na kai bayan ƙofata na ba tururuwa.

Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce in bar wannan, in zuba a kofin. Na zuba. Ta ce, "Sha ki ba ni labari."

Na sha a gabanta. Ta ce da zafi? Na ce da zafi. Ta ce madara ta ji? Na ce ta ji. Sikari fa? Na ce har cokali ya tsaya. Ta ce, "Ƙarya, ke marowaciya ce," ta yi 'yar dariya da ta sa ta tari. Na shanye shi tas, hawaye na zuba a ciki, ita tana kallon bakina kamar yadda na yi wata biyu ina kallon nata.

Talata, 29 ga Yuli

Ni na ce ta faɗa mini maganar keken. Ta buɗe ido ta dube ni sosai, sannan ta fara. Ramin mai yana baya, ƙarƙashin wani ɗan murfi, ɗigo kaɗan ya isa. Bel ɗin in ya saki ba a canza shi, a yanke kaɗan a sake haɗawa. In zare ya cukurkuɗe ta ƙasa, kada a ja, a fara...

Nan barci ya ɗauke ta. Na jira. Da ta farka ba ta tuna muna magana ba, ni kuma ban tuna mata ba.

Na jiƙa mata leɓe da shayi a kan auduga. Ta lasa.

Juma'a, 1 ga Agusta

Yaya ta rasu da hantsi. Ina riƙe da hannunta. Shunayyar ba ta gama fita daga farcenta ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Mutane sun watse. Ban koma aiki ba. Ina kwana a ɗakin ɗinki, a ƙasa, inda nake kwana ina yarinya. Matan da ta yi wa ɗinki suna zuwa, kowacce ta tarar da kayanta a gama, a goge, a ninke, da ɗan ragowar yadinta a sama. Ba ta bar wa kowa aiki rabi ba.

Mai Shago ta zo gaisuwa da kwalaben beri a leda, wai in sha in samu ƙarfi. Da zuciya ɗaya ta kawo, na sani. Na sa a firji ban kalle su ba, washegari Direba ya ba maƙwabta.

Kowa cewa yake na yi ƙoƙari, na yi wa 'yar'uwata hidima. In suka faɗa sai in ji kamar in tashi in fita.

Asabar, 23 ga Agusta

Direba ya shigo da wani abu a naɗe cikin takardar awo. Ya ce ta ce kada ya ba ni sai na fara cin abinci, kuma yau ya ga na ci.

Mayafi ne. Ƙyallayen nan ne ta yanka daidai wa daida ta harhaɗa, ɗinki siriri, ba ka ganin zare. Daga gefe ɗaya shunayyar mai duhu ce sosai, ta farkon nan, lokacin tana da ƙarfin dannawa da matsewa. Tana tafiya tana haske, wasu da ɗan dabbare inda ruwan bai ratsa ba. Na yafa. Daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga ka zuwa ƙugu, cif. Wai tana duba ko na rame.

Sai na ga ɗaya gefen. Fari ne fat, layi guda daga sama har ƙasa, ba a rina ba.

Na ce wannan fa? Direba ya juya hularsa a hannu. Ya ce kwanakin nan ne da ba a kawo kwalba ba. Rinannun sun ƙare mata, ta ce ba za ta jira ba, sai ta ci gaba da farin.

Na zauna a ƙasa. Ban san na yi ƙara ba sai da na ji maƙwabciya tana tambaya lafiya.

Da na lafa ya ce akwai saƙo. Ta ce, "Ka ce wa Auta kalar tana wajenta. In ta huce ta ƙarasa."

In na huce. Har a lokacin tana zaton fushi nake yi da ita.

Litinin, 1 ga Satumba

Na koma aiki. Ruwan sama ya ɗan wanke allon, Mai Shago ta ce in sabunta. Na rubuta ruwan beri, mai sanyi, mai ɗan tsami. Alli ya ƙare a nan, ko dai na ce ya ƙare. Ba ta lura ba tukuna, hankalinta na kan wani garin saiwa da ta ce shi za a yi yayi nan gaba.

Da rana wani mutum ya shigo, ba ɗan motsa jiki ba ne, ledar magani a hannunsa, idonsa ja. Na gane shi tun daga ƙofa, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. Ya ce an ce masa wannan yana taimaka wa masu ciwo, mahaifiyarsa ce. Na ce yana da kyau, abinci ne, in tana sonsa. Na ce me take cewa tana marmari? Ya tsaya yana tunani, ya ce bai tambaye ta ba. Na ba shi kwalba ɗaya, ƙarama. Ban ce masa komai ba bayan wannan, ba wa'azi na zo yi ba.

Da na tashi na ɗauki ɗaya ni ma. Ba sha zan yi ba.

A gidan Yaya na sami robar wankin a inda ta bar ta. Na juye, na barbaɗa gishiri, ban san ko ya yi yawa ba, ba ta kai ga faɗa mini wannan ba. Na dafa shayi na ajiye a kan keke, a kofinta. Na tsoma farin gefen mayafin a hankali ina dannawa da yatsu yadda na ga tana yi ta bayan labule. Ya sha. Bai yi duhu kamar nata ba, kuma ya ɗan haura kan na kusa da shi, da tana nan da ta ce aikin gaggawa. Ƙyalle ɗaya na can ƙarshe na bar shi fari. Ban san dalili ba, hannuna ne ya ƙi.

Yana kan igiya yanzu. Shayin ya huce kafin in sha, amma cokali ya kusa tsayawa.

Farcena ya rine. Gobe in Mai Shago ta tambaya, zan ce aiki ne.